Kyaftin ɗin da ya nutsa ya fito, ko malamin da ya tono takardu: maganar wa za a ɗauka?

Abba Fagge: Salam jama'a. Tambaya gare ni ga masu bin tarihin yaƙin duniya na biyu. Na lura kusan duk wani kyaftin na jirgin yaƙin nan mai tafiya ƙarƙashin ruwa, jirgin nutso, in dai ya fita da ransa sai ya rubuta littafi, Bajamushe ne ko Ba'amurke ko ɗan Japan. To kuma ga malaman tarihi da wasunsu ko ƙafa ba su taɓa sawa cikin jirgin ba suna cewa wai rabin abin da kyaftin-kyaftin ɗin suka rubuta ba haka aka yi ba. Mutum yana ƙasan teku ana zuba masa bama-bamai a ka, kai kuma kana zaune a laburare bayan shekara talatin ka ce ka fi shi sanin abin da ya faru? Ai gani ya kori ji.

Malam Ɗanjuma: Wa alaikumus salam Abba. Ai ganin nasu ne ɗan kaɗan. Kyaftin zai ɗago madubin leƙen nan na 'yan daƙiƙu ne kawai ya mai da shi don kar a hango shi, sau tari ma cikin dare ko hazo, ya harba tofido, wato makamin nan mai gudu cikin ruwa ya je ya fashe a jikin jirgi, ya nutsa ya gudu. Daga nan sai kunne. In ya ji ƙara ya rubuta a rahoto cewa ya nutsar da jirgi mai tan kaza, alhali wataƙila tofidon ya fashe ne tun kafin ya isa, ko jirgin ya ji rauni ya lallaɓa ya kai tasha. Amurka ta kafa kwamitin sojan ƙasa da na ruwa, bayan yaƙi suka gwada rahotannin kyaftin-kyaftin ɗinsu da takardun Japan, a 1947 suka fitar da sakamako. Nauyin jiragen da aka yi iƙirarin nutsarwa wajen tan miliyan 10 ne, abin da aka tabbatar miliyan 5 da ɗoriya. Ba wai ƙarya suka shirya ba fa, iya abin da ido da kunne suka ba su ke nan.

Injiniya: Amma Malam kwamitin ma ai ba annabawa ba ne. Takardun Japan ɗin da yawa sun ƙone. Dubi jirgin Tang na kyaftin ɗin Amurka Richard O'Kane, su suka ce jirage 24 ya nutsar, daga baya aka sake lissafi aka mai da shi 33. Ka ga a nan mai jirgin ne ya fi kusa da gaskiya.

Abba Fagge: Yauwa Injiniya, ka taimake ni

Injiniya: Kar ka yi saurin murna ƙanena, ban gama ba. Shi O'Kane ɗin labarinsa abin tausayi ne. Oktoba 1944 kusa da Taiwan, tofidonsu na ƙarshe, na ƙarshe fa, wanda in sun harba sai gida, suka harba shi ya yi kwana ya zagayo ya daki bayan jirginsu. Mutum 9 kawai suka rayu, 78 suka tafi. Wasu daga cikin waɗanda suka tsira daga ƙasan teku suka fito ta ƙofar gaggawa da wata jakar numfashi a ƙirji, suna bin igiya a hankali suna hawa. Japanawan da suka tsince su kuwa mutanen jiragen da suka gama nutsarwa ne, to ka san dukan da suka sha. O'Kane ya ƙare yaƙin a sansanin fursuna ya fito kamar ba zai yi rai ba, sai 1977 ya fitar da littafinsa kan Tang. Irin wannan, yadda iska ke ƙarewa, yadda mutum ke ji a kunnensa, babu malamin jami'ar da zai gaya maka. Amma in tambayar ita ce me ya sa tofidon Amurka suka yi ta ba da kunya kusan shekara biyu na farkon yaƙin, to wannan sai mai takardu, don laifin a ofishin masu ƙera makaman yake, tofidon na tafiya ƙasa da zurfin da aka saita shi, kan nasa kuma in ya daki jirgi tsaye sai ƙusar ta lanƙwashe ya ƙi fashewa, su kuma masu ofis suna ta cewa kyaftin-kyaftin ne ba su iya saiti ba. Sai da Admiral Lockwood, ogan jiragen nutson Amurka a yankin, ya sa aka riƙa harba su cikin ragar kamun kifi ana auna inda suka huda sannan aka yarda.

Maman Hanif: Ni dai ina gefe ina karatu. Wai don Allah mutum nawa ne a cikin abin nan, kuma ya suke rayuwa?

Ɗan Damagaram: Hajiya kar ki so ki sani. Na Jamus da suka fi yawa tsawonsu wajen mita 67 ne, mutum arba'in da wani abu zuwa hamsin, kamar a cusa jama'a cikin tankar mai a rufe. Gado ba ya isa, wannan ya tashi aiki wancan ya kwanta a wurinsa tun bai huce ba. Ban ɗaki biyu ne, ɗayan ma an cika shi da gwangwanayen abinci sai an cinye. Ba wanka ba aski, burodi ya yi fari fat da fumfuna a yanke gefen a ci tsakiya, komai warin man dizal yake. Kuma abin da mutane ba su sani ba yawancin lokaci a saman ruwa suke tafiya, don in sun nutsa batir ne ke jan su kuma ba ya daɗewa, gudun ma ya ragu sosai. Kai har akwai wanda ban ɗaki ne ya ci shi, U-1206, Afrilu 1945 kusa da Sikotland, aka murɗa famfon da ba daidai ba ruwa ya kwararo kan batir, iska mai guba ta tashi dole suka fito sama jiragen Ingila suka far musu.

Maman Hanif: Innalillahi, ban ɗaki kuma?? Allah Ya raba mu da mutuwar kunya

Baba Kofur: Ku yara kuna dariya. Cikin mutum kusan dubu 40 da Jamus ta tura jiragen nan kusan dubu 30 ba su dawo ba. Uku cikin huɗu. Amurka jirgi 52 ta rasa da mutum wajen 3,500. Saboda haka Abba duk littafin da ka ɗauka ka tuna na wanda ya tsira ne, mafi yawansu ba su samu sun ce komai ba. Kuma yaƙin nan bai yi nisa da mu ba yadda kuke zato. Iyayenmu da aka kwasa zuwa Bama ta teku aka bi da su, gyaɗar Kano da kuzar Jos ta teku suke zuwa Ingila, ayarin jirage a Freetown ta Saliyo suke haɗuwa. Jirgin fasinjan nan Abosso na kamfanin Elder Dempster da ya saba zuwa Legas, a Oktoba 1942 jirgin nutson Jamus ya nutsar da shi, sama da mutum 360 suka mutu.

Abba Fagge: Allah Ya ƙara girma Baba, wlh ban taɓa haɗa abin da mu ba.

Malam Ɗanjuma: Bari in kawo muku wanda ya haɗa biyun, ya yi yaƙin kuma ya iya alƙalami, Edward Beach na Amurka. Ya gama makarantar sojan ruwa ta Annapolis a 1939, shi ne na biyu a ajinsu. Ya daɗe a jirgin Trigger, aka ɗauke shi aka mai da shi mataimakin kyaftin a Tirante, bayan tafiyarsa Trigger ta nutse da kowa da kowa a Maris 1945. Mutanen da ya ci ya sha da su. Ni a ganina wannan ne ya sa shi rubutu, littafinsa na farko na 1952 kusan ta'aziyyar Trigger ne. A 1955 ya fitar da ƙagaggen labarin nan Run Silent, Run Deep da aka yi fim ɗinsa a 1958, kuma lokacin da littafin ya fito yana dogarin Shugaba Eisenhower na ɓangaren sojan ruwa. Daga baya aka ba shi Triton mai aiki da nukiliya, a 1960 ya zagaye duniya a ƙarƙashin ruwa, karo na farko a tarihi, kwana 60 da awa 21, yana bin sawun Magellan, wanda ayarinsa ya fara zagaye duniya ta teku. A hanya wani ma'aikacinsa ya kamu da ciwon tsakuwar ƙoda, suka ɗago kan jirgin kawai kusa da Uruguwai aka miƙa shi ga wani jirgi, gangar jikin tana cikin ruwa don kar a ce sun fito. A Filifin kuma suka ɗaga madubin leƙe sai ga wani saurayi cikin kwalekwale ya zuba musu ido, suna kallonsa yana kallon ƙarfen da ya ɓullo daga ruwa. Duk da haka da muƙamin kyaftin ya yi ritaya a 1966, bai samu admiral ba.

Injiniya: Kuma gado ya yi Malam, babansa ma kyaftin ne marubuci. Jirgin baban Memphis igiyar ruwa ta maka shi da duwatsu a Santo Domingo a 1916 aka gurfanar da shi, ɗan ya zo ya rubuta littafi guda a kai bayan shekara 50. To Abba ka ce a nan ɗa ne ke rubutu ko masanin tarihi?

Abba Fagge: Hhh ɗa ne mana, wa zai kwance wa babansa zani a kasuwa

Ɗan Damagaram: A ɓangaren Jamus abin ya fi rikici, don su an ci su da yaƙi kuma Hitler suka yi wa aiki, to kowa na rubutu yana wanke kansa. Shi kansa ogansu Karl Dönitz tsohon kyaftin ɗin jirgin nutso ne tun yaƙin farko, Ingilishi suka kama shi a 1918. An yanke masa ɗaurin shekara 10, ya fito daga kurkukun Spandau a 1956 ya rubuta tarihin kansa, in ka karanta sai ka ce wani soja ne kawai da ba ruwansa da siyasa, alhali shi Hitler ya bar wa kujera. 'Ya'yansa biyu maza duk sun mutu a teku, ɗayan a Mayu 1943, watan da aka nutsar masa da jirage sama da 40 har ya janye daga arewacin Atlantika. Sai Herbert Werner mai Iron Coffins na 1969, littafi ne mai daɗin karatu in ka fara ba ka ajiyewa, kuma da gaske ya riƙe jirgi, amma da masu bincike suka bi ranakun da jiragen da ya ce an nutsar sai aka ga da yawa ba su dace da takardu ba. Wanda ya fi tayar da ƙura kuma Buchheim, mai littafin Das Boot na 1973. Shi ba ma sojan jirgin nutso ba ne, ɗan jaridar farfagandar soja ne aka sa shi cikin U-96 a ƙarshen 1941 da kyamara. Ya zo ya rubuta warin da tsoron da batsar bakin matasan nan da yadda suke zagin manya, tsofaffin sojojin da yawa suka fusata wai ya zubar musu da mutunci. To ga mutum biyu duk sun gani da ido kuma sun ƙaryata juna, Abba wanne ganin ne ya kori jin?

Abba Fagge: Kai Ɗan Damagaram ka tsare ni da yawa fa. To na yarda kowa da inda ya tsaya ya gani. Amma har yanzu ban ga abin da malamin laburare ya sani da su ba su sani ba, banda gyaran lissafi.

Malam Ɗanjuma: Yanzu ka zo wurin. Babban abin da ya juya yaƙin tekun nan babu kyaftin ɗin da ya san shi. Ingilishi suna karanta saƙonnin sirrin sojan ruwan Jamus. A Bletchley Park can Ingila suka zauna suka warware na'urar Enigma da Jamus ke rufe saƙonninta da ita, da taimakon takardun da aka kwato daga U-110 a Mayu 1941 da U-559 a Oktoba 1942, sai su karkatar da ayarin jiragensu daga inda aka yi musu kwanton ɓauna, daga baya ma su tura jiragen sama daidai inda jirgin nutso zai sha mai. Kyaftin na Jamus ya ga jirgin sama ya faɗo masa a tsakiyar teku sai ya ce rada ce, na'urar nan mai hango jirage daga nesa, ko rashin sa'a. Dönitz ya sha yin zargi, ƙwararrunsa suna ce masa ba mai iya karya Enigma. Asirin nan bai fito fili ba sai 1974. Ka ga ke nan duk littafin da aka rubuta kafin nan da rami a tsakiyarsa, har da na manyan malaman. Stephen Roskill da gwamnatin Ingila ta sa ya rubuta tarihin yaƙin teku tsakanin 1954 da 1961 ba a ba shi damar ambatarsa ba. Samuel Morison malamin Harvard da Roosevelt ya sa aka ba shi kaki a 1942 ya bi jiragen yaƙi da kansa, ya rubuta mujalladi 15, shi ma babu wannan a ciki. Dönitz ya rayu har 1980, da ransa ya ji labarin.

Injiniya: Shi ya sa ni Clay Blair nake girmamawa duk da yana da kaifin baki. Yana saurayi ya yi aiki a jirgin Guardfish a ƙarshen yaƙin, ƙaramin ma'aikaci ba hafsa ba, ya zama ɗan jarida, ya fitar da Silent Victory a 1975 kan yaƙin Pasifik, sannan mujalladi biyu kan na Jamus a 1996 da 1998. Ya bi tafiya ɗaya-ɗaya jirgi ɗaya-ɗaya. Abin da ya fito da shi bai yi wa kowa daɗi ba, ya ce barazanar jiragen nutson Jamus an zuzuta ta, kusan kashi 99 cikin 100 na jiragen da suka bi ayari a Atlantika sun isa lafiya, Jamus ba ta taɓa kusantar yanke wa Ingila hanya ba. Alhali Churchill da kansa ya rubuta cewa ba abin da ya tsorata shi a yaƙin kamar su.

Baba Kofur: Injiniya wannan lissafin bayan an gama ne. Wanda ke cikin kashi ɗayan nan fa? Kuma a 1942 wa ya san za a ƙare a 99? Mai alƙalami ya san ƙarshen labari kafin ya fara, soja bai sani ba. Ni nan nake raba hanya da malaman nan, suna hukunta mutum da ilimin da bai da shi ranar.

Maman Hanif: Baba ka yi haƙuri in sa baki. Ni duk hirar nan ta tan kaza da jirgi kaza ce, ba wanda ya ce komai kan mutanen da ke cikin jiragen da ake nutsarwa. Ba soja ba ne fa yawancinsu, masu tuƙa kaya ne. In jirgin ya nutse su kyaftin ɗin me suke yi da su, tafiya kawai suke?

Malam Ɗanjuma: Hajiya kin taɓo inda littattafan suka fi yin shiru. Akwai masu tsayawa su ba da ruwa da taba su nuna hanyar gaɓa, an shaidi Otto Kretschmer na Jamus da haka, wanda ya fi kowa nutsar da jirage, sama da 40. An kama shi a Maris 1941, kyaftin ɗin Ingila da ya kama shi Donald Macintyre ya karɓe masa madubin hangen nesa ya yi ta amfani da shi har yaƙi ya ƙare, a 1955 ya mayar masa da abinsa. Macintyre ya koma marubucin tarihin sojan ruwa, Kretschmer ya koma sabuwar rundunar Jamus ta Yamma har ya zama admiral. Irin labarin da kowa ke son bayarwa ke nan. Sai na jirgin fasinjan Ingila Laconia, 12 ga Satumba 1942, a tekun yammacin Afirka can wajen tsibirin Ascension. Kyaftin ɗin Jamus Werner Hartenstein ya nutsar da ita sai ya tarar akwai fursunonin Italiya wajen 1,800 da mata da yara, ya tsaya ceto, ya yi shela a rediyo da Turanci a fili cewa duk wanda zai zo taimako ba zai taɓa shi ba, ya shimfiɗa tutar Red Cross yana jan kwalekwalen ceto, bayan kwana huɗu jirgin saman Amurka ya zo ya jefa masa bam. Daga nan Dönitz ya ba da odar kar a sake ceton kowa. A shari'ar Nuremberg da aka yi wa manyan Jamus bayan yaƙi an tuhume shi da wannan, sai lauyansa ya samo rubutacciyar shaidar Admiral Nimitz na Amurka cewa su ma tun ranar farko haka suke nutsar da jiragen Japan ba gargaɗi.

Ɗan Damagaram: Ga wanda ya fi wannan Hajiya. Heinz Eck na U-852, Maris 1944, ya nutsar da jirgin Girka Peleus da ya taso daga Freetown ya sa aka yi ta harbin tarkacen da mutane ke maƙale da su. Mutum uku suka rayu suka ba da labari, aka yi masa shari'a a Hamburg aka harbe shi a Nuwamba 1945. Shi kuwa Dudley Morton na jirgin Wahoo na Amurka, Janairu 1943 ya nutsar da jirgin Japan Buyo Maru ya sa aka buɗe wa kwalekwalen ceto wuta, ya rubuta a rahotonsa bai ɓoye ba, aka ba shi lambar yabo. Daga baya masu tono takardu suka gano da yawa daga waɗanda ke jirgin fursunonin Indiya ne, wato sojojin ɓangaren su Amurka ɗin. Kun san wa ke mataimakinsa a ranar? O'Kane ɗin nan da Injiniya ya ba mu tausayinsa. A littafinsa na 1987 kan Wahoo kare ogansa ya yi, ya ce kwalekwalen aka nufa ba mutane ba kuma daga can aka fara harbi.

Maman Hanif: Tab. Aiki iri ɗaya, wani harsashi wani lambar yabo.

Injiniya: Ba iri ɗaya ba ne sak Hajiya, na Morton jirgin ɗaukar soja ne kusa da filin daga, na Eck 'yan kasuwa ne. Amma dai ban ce zan iya tsayawa kare shi ba. Morton ɗin ma bai ga ƙarshen yaƙin ba, Wahoo ta nutse a Oktoba 1943 a arewacin Japan ba wanda ya fita.

Abba Fagge: To 'yan Japan fa, ba wanda ya ce komai a kansu

Malam Ɗanjuma: Akwai Mochitsura Hashimoto na I-58, shi ya nutsar da jirgin yaƙin Amurka Indianapolis ranar 30 ga Yuli 1945, jirgin da ya kai kayan bam ɗin Hiroshima tsibirin Tinian yana kan hanyarsa ta zuwa Filifin. Mutum kusan 1,200 ne a ciki, wajen 900 suka faɗa ruwa da rai, suka kwana huɗu ba wanda ya ma san sun ɓata, ƙishirwa da kifin shak suna ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, 316 aka tsamo. Rundunar ta gurfanar da kyaftin ɗinta Charles McVay wai bai yi tafiyar karkace-karkace ba, har suka ɗauko Hashimoto daga Japan a Disamba 1945 ya ba da shaida a Washinton. Mutumin ya ce ko ya karkata ko bai karkata ba da sai ya same shi. Aka ƙi ji aka kama McVay da laifi, iyalan mamatan suka yi ta aiko masa da wasiƙun tsinuwa, a 1968 ya harbe kansa. Abin da kotun ba ta saurara ba shi ne manya sun san akwai jiragen nutson Japan a hanyar ta saƙonnin da suke karantawa, ba a gaya masa ba kuma ba a ba shi rakiya ba, wannan ma sai da aka buɗe takardun sirri. Hashimoto ya rubuta nasa littafin, a ƙarshen rayuwarsa ya zama mai hidimar wurin bautar Shinto a Kyoto, yana tsoho ya rubuta wa majalisar dattawan Amurka wasiƙa yana roƙon a wanke McVay. Majalisa ta wanke shi a Oktoba 2000, Hashimoto ya rasu 'yan kwanaki kafin shugaban ƙasa ya sa hannu.

Baba Kofur: Su manyan da suka ƙi gaya masa fa, wa aka gurfanar a cikinsu?

Malam Ɗanjuma: Ko ɗaya Baba. Mutum huɗu aka rubuta wa takardar gargaɗi kan rashin lura da cewa jirgin bai iso ba, su ma daga baya aka janye.